Mahaucin Da Ya Yarda Da Wuƙa, Ya Ƙi Allura

Duk shekara idan aka turo mana ɗalibai daga lakwal, wato makaranta, su koyi aiki, ɗakina suke rububin shiga. Na san dalili, ba don ƙaunata ba ne. Ɗakin eko, inda muke duba cikin mutum da na'ura, shi kaɗai ke da sanyi a duk ɓangarenmu na asibiti, ga kujera mai juyi, ga labule, ga allo kamar tele. Wata ɗaliba ta taɓa ce mini ido da ido, "Tanti, ke kam kin more. Shafa mai, goga, kallon tele, an tashi." Na miƙa mata sond, wato ɗan kan na'urar da muke gogawa a fata, na kwantar da wata baiwar Allah mai jiki, na ce ta nemo mini matsarmama. Ta goga dama, ta goga hagu, ta haɗa gumi cikin sanyin nan da take yabo, daga ƙarshe ta nuna mini hanji cike da iska ta ce ga ta nan. To ku da kuka zo bana, kafin ku yi irin tata, ku gyara zama.

Ni da allura da ƙarin ruwa na fara, a wani ƙaramin asibitin ƙauye wajen Droum. Bayan an maido ni cikin gari aka kawo na'urar eko ta farko da na taɓa gani, aka ba wani tsohon likita, Dokta Habu, Allah Ya jiƙansa. Mutum ne mai ƙarancin magana da yawan harara. Da ya zaɓe ni in koya, na zaci zai ɗora ni a kujerar nan mai juyi. Sai ya aike ni mayanka. Da sanyin safiya, ni da farar rigata cikin mahauta da ƙuda, in sayo hantar akuya da matsarmamarta a maƙale, in gargaɗe su kada a fasa. Mu nutsa ta a roba cike da ruwa, in ɗora sond, in kalli allo, sannan in zaro ta in kalle ta da ido, in taɓa da yatsa. Cewa yake wanda bai riƙe abu a hannu ba, ba zai gane inuwarsa a allo ba. Mahautan har suna suka sa mini, Madam Mai Hanta. Hantar kuwa ba ta asara, masu share ɗaki ne ke gasa ta da rana.

Matsarmama 'yar jaka ce a ƙarƙashin hanta, mai tara ruwan ɗacin da ke narkar da maiƙo. Idan mutum ya ci abinci sai ta matse ta zubar da ruwanta cikin hanji, ta lafe, ko ka kwana nema ba za ka gan ta da kyau ba. Shi ya sa muke cewa a zo mana ba ci ba sha. Nan kuwa yaƙin yake. A Damagaram ka ce wa mai jinya kada ya ba marar lafiyarsa komai, kamar ka zagi iyayensa ne. Za a ce "to, Madam" da ladabi, kana juya baya an zaro kwanon fura daga ƙarƙashin gado. Ina ɗora sond nake ganewa. In ce, "Baba, ka sha fura." Ya zaro ido ya ce, "Wallahi ɗan kurɓi ne, don kada in ɓata wa mai ɗakina rai." Akwai tsohuwar da ta riƙa tofa addu'a duk lokacin da na gifta, wai ina ganin abin da mutum ya ci a ɓoye, ba a san me kuma nake gani ba.

Sai riƙon numfashi. Ka ce a ja iska a riƙe, domin hanta ta sauko daga bayan haƙarƙari. Wani ya ja ya saki nan take, wani ya riƙe har ka manta da shi, sai ka ɗago ka ga idonsa ya firfito. Sai juya mutum ta gefen hagu. Tsakuwar matsarmama ana gane ta da abu biyu, tana da inuwa baƙa a bayanta, kuma idan ka juya mai ita tana gangarawa. Abin da bai gangara ba, kada ka yi saurin ba shi suna. Hannun dama na tafiya, hagu na kan maɓallai, ido na allo, baki na lallashi. Duk a lokaci guda ake yin su.

Mutane da yawa suna yawo da tsakuwa a jakar nan har su tsufa ba ta ce musu uffan ba. Fitinar tana zuwa ne idan wata 'yar ƙarama ta sulale ta faɗa siririyar hanyar da ke kai ruwan ɗaci zuwa hanji, ta toshe ta. Ruwan ya rasa mafita, ya koma baya kamar magudana a tsakiyar damina, ya cika hanta, ya shiga jini. Ido ya yi rawaya, fitsari ya koma kamar shayi ba madara, bayan gida ya yi fari-fari, jiki ya ɗauki ƙaiƙayin da ke hana zama. Mutanenmu suna gani za su ce shawara ce, kuma ba su yi ƙarya ba. Amma shawara iri-iri ce. Akwai ta ciwon hanta, akwai ta zazzaɓi, akwai ta masu amosanin jini. Wannan ta toshewa kuwa, ko mutum ya sha randa guda ta jiƙon rawaya ba za ta kau ba. Aikina shi ne in rarrabe su.

Shekarar da ta fi ba ni wuya ita ce wadda kuran, wato lantarki, ya riƙa yi mana wasan ɓuya. Ya tafi, ya dawo da ƙarfi, ya sake tafiya. Wata rana ya dawo da fushinsa, na'urar ta yi ƙara ɗaya, ta yi ƙauri, ta yi shiru. Muka shafe watanni muna duba mutane da hannu da ido kawai, wanda abin ya rikice mana a ce ya kama hanyar Maraɗi, wasu su tafi, wasu su koma gida su kwanta. Da aka samo wata na'urar kuma sai man gogawa ya ƙare, ba a nan ba, ba a farmasi ba. Mai wanki da guga na unguwarmu a Birni ne ya fitar da ni, na roƙi sitacin rogon da yake sa wa manyan riguna, na dama shi da kauri, na tace, na zuba a kwalba. Hoto ya fito tas. Abin da kawai, idan ya bushe a cikin mutum sai fatarsa ta ɗaure, wani Alhaji ya ce mini saura guga.

A cikin wannan zamanin na sitaci aka kawo mini Baba Mutari, mahauci daga Takieta. Dattijo ne gajere mai faɗin ƙirji, amma ciwo ya zuge shi, riga na yawo a jikinsa. Idonsa rawaya sharr, hannuwansa duk sawun susa. Tare da shi akwai ɗansa Sani, da yayar dattijon, Inna Cima, doguwar tsohuwa siririya wadda ta shigo gaba da kowa tana duba kusurwoyin ɗakin kamar mai neman maciji. Kafin sallama ta ƙare ta ce, "'Yar nan, hoto muka zo. Shawara gare shi. Ban da allura."

Kun san wannan magana, ko a gidajenku an faɗa muku, wai mai shawara idan ƙarfe ya huda shi ya tafi. Na ce, "Inna, ɗakina babu allura, sai sitaci." Shi kuwa Baba Mutari ya tsaya yana jan bakin riga, kunya ta hana shi buɗe ciki gaban mace. Na ce, "Baba, shekara nawa kana buɗe cikin shanu ba ka taɓa neman izninsu ba?" Ya yi dariya har ya riƙe gefen dama don zafi, ya kwanta. Cikin nan duk tsagar wanzami ce, sabuwa kan tsohuwa. Ya ce an hana shi mai, an hana shi gishiri, an hana shi nama. "Madam, mahauci ba nama. Ina zaune a rumfata ina korar ƙuda wa wasu."

Ina ɗora sond na ga abin. Jakar ta kumbura, cike da ƙananan tsakuwa. Hanyar da ya kamata ta zama siririya ta buɗe kamar ɗan yatsa, reshe-reshenta a cikin hanta duk sun cika. Na bi ta a hankali, iska ta tare ni, na juya shi, na danna, na sa ya ja numfashi, na sake bi. Can ƙasa, ga ta nan zaune daram da inuwarta. Na taɓa goshinsa na ji zafi. Na tambayi Sani ko yana rawar ɗari, ya ce tun shekaranjiya. Ruwan da ya taru ya fara ruɓa ke nan, kuma irin wannan ba ya ba mutum dogon lokaci.

Na kira likitan fiɗa, ya duba, ya ce aiki za a yi, amma kafin nan sai an ɗaura ruwa, an yi alluran kashe ƙwayoyin cuta, da wata ta taimakon daskarewar jini. Yana fita Inna Cima ta fara naɗe tabarma. Ta ce, "Sani, kama shi mu tafi. An ga hoto, mun gode."

Na san idan suka fita ƙofar nan ba zan sake ganinsa ba. Bayanin littafi kuwa ba zai shiga ba. Sai na jawo kujera kusa da kansa na ce, "Baba, tambaya gare ni ta sana'arka. Ka taɓa buɗe saniya ka taras da hantarta ta kumbura, kitsenta ya yi rawaya?"

"Sau nawa ma."

"Me kake samu?"

Nan dattijo ya manta da ciwo. Ya ɗaga hannu yana zana mini a iska. "Ki ɗaga hantar haka, ki bi jijiyar ɗacin da babban yatsa. Za ki ji ta yi kauri. Ki bi, ki bi, sai ki ji abu ya tokare. Wani sa'in tsutsa ce, wani sa'in dutse."

"Da Bafulatanin da ke da ita ya yi ta ɗura mata jiƙo tun tana da rai, zai fita?"

"Ina! Abin da ya cushe? Wannan sai wuƙa."

Na juyo masa allo, na ɗora yatsa kan hanyar, na bi ta har inda ta tokare. Ya kalla, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "La'ilaha illallahu. Yaya, zo ki ga. Ashe ni ne saniyar."

Na ce a raina an gama. Ashe yanzu aka fara. Ya gyara kwanciya ya ce, "Madam, na yarda. A kira mai wuƙar nan, abokin sana'a ne, ya buɗe ya cire. Amma ban da allura." Na ce, "Baba, ta yaya za a yanka mutum ba allura?" Ya ce a samo ƙarti huɗu su danne shi, haka suke wa bijimi, kuma shi ba zai yi harbi ba. Majo, shugaban masu jinya na ɗakin maza, ya zo ya yi nasa, ya gaji. Likita ya dawo ya yi nasa. Mutumin da ya yarda a tsaga masa ciki yana kallo, an nuna masa allurar da ba ta kai tsinken tsire ba, ya ja mayafi ya rufe hannuwa. Dariya na cina, tsoro na cina.

Da azahar, bayan an ba shi gado a ɗakin maza, ɗarin ya sake kama shi, gado har kaɗawa yake. Da ya lafa na je na tsaya kansa. Na daina wasa. Na ce, "Baba, ni ban ga ranar kowa ba. Amma abin da na gani a cikinka, idan aka bar shi, kashe ka zai yi, kuma ba da jimawa ba. Allura kuwa na yi wa masu rawayan ido da hannuna tun ina Droum, sun tashi sun koma gona." Can ya ce, "Mu idan dabba ta kwanta ba ma tsayawa shawara da ita har ta zama mushe." Ya juya wajen yayarsa. "Yaya, ki yi haƙuri. Zan ba da hannun."

Inna Cima ba ta yi faɗa ba, abin da ya ba ni mamaki ke nan. Ta miƙe, ta gyara lulluɓi, ta ce, "Wannan karon dai ba da hannuna ba." Ta fita ta zauna gindin dogon yaro a tsakar asibiti, ta ba ɗakin baya. A lokacin ban gane me take nufi da wannan karon ba.

Shi kuwa Baba Mutari sai ya shiga shirin tafiya. Ya ce a ba shi ruwa ya yi alwala. Ya kira Sani ya ba shi rumfar kasuwa, da wuƙaƙe, da magagari, da babban faranti. Ragon da yake turke a gida ya ce a ba limamin unguwa. Ya nemi gafarar kowa a ɗakin, har da wani Buzu mai karayar ƙafa a gadon kusa, wanda bai taɓa gani ba sai ranar. Ya juya gabas, ya miƙa hannu, ya runtse ido, ya kama kalmar shahada da ƙarfi. Majo ya sa allurar ya gama, ya liƙa, ya rataye ruwa, ya tafi wanke hannu. Dattijo na nan ido a rufe. Da ya ji shiru ya yi yawa ya ce, "A yi mana, a daina ja mini rai." Buzun nan ya ce, "An yi tun ɗazu, Malam." Ya buɗe ido ɗaya, ya kalli hannun, ya kalli kwalbar ruwa na ɗiga. Ya ce, "To, a hankali take zuwa ke nan." Ya sake rufewa ya ci gaba da jira. Har la'asar yana jira, barci ya ɗauke shi.

Da zazzaɓin ya sauka aka shiga da shi. An cire jakar, an buɗe hanyar, an zaro tsakuwar, ba ta fi ƙwayar gujiya ba. Bayan 'yan kwanaki fitsari ya fara washewa, susa ta tsaya, rawayan idon ya riƙa ja da baya. Abu na farko da ya nema da bakinsa ya buɗe shi ne a nuna masa ɗinkin. Ya duba da kyau ya ce hannun yaron nan ba laifi, sai dai ya cika tsoron wuƙa. Na biyu, a aika Takieta maza a gaya wa liman batun ragon nan akwai gyara. Sani kuma ya ce kyauta ta riga ta tabbata gaban shaidu, wuƙaƙe nasa ne. Suka yi ta yi, ɗaki na dariya.

Inna Cima fa duk kwanakin nan ba ta taka ɗakin ba. Tana dafa kunu a gindin bishiya ta ba Sani ya kai. Ranar da aka ce gobe sallama, na gama da mutum na ƙarshe ina goge sond, sai na ji an ɗaga labule. Ita ce. Ta zauna bakin gadon duba marasa lafiya ba tare da an ce ta zauna ba.

Ta ce, "'Yar nan, allura nawa aka yi masa?"

Na ce, "Inna, da yawa. Safe da yamma."

"Yana da shawara."

"Yana da ita."

Ta jinjina kai. Sannan ta ba ni labari. Mahaifinsu ma shawara ce ta kama shi, tun Mutari na saurayi. Ya daɗe kwance, an yi jiƙo, an yi tsaga, har ya daina gane mutane. Ita ce ta ɗauko amalanke ta kai shi asibiti ba da yardar kowa ba. Aka yi masa allura, washegari ya cika. Tun daga ranar, a gidansu ba a taɓa ce mata ga abin da kika yi ba, amma idan aka zo maganar rasuwarsa sai a yi shiru a kalli ƙasa. Ta yi aure da abin, ta haifi 'ya'ya da shi, ta yi jikoki da shi.

Ta ce, "Ki gaya mini tsakaninki da Allah. Ni ce?"

Na ce, "Inna, ban ga mahaifinku ba, ban san irin tasa shawarar ba. Amma mutumin da ya kai ga daina gane mutane, ciwo ya riga ya gama aikinsa kafin ku iso. Allura ba ta kashe mai shawara. Ke kaɗai ce ma kika nema masa magani inda yake."

Ba ta yi kuka ba. Ta kama wuyan hannuna, tsohuwar nan da ƙarfi kamar maƙeri, ta ce, "Taso." Ta ja ni muka ratsa tsakar asibiti, ni da safar hannu da sitaci a riga, har ɗakin maza, har bakin gadon ƙanenta. Yana zaune yana ba Buzu labarin yadda ake gane naman raƙumi. Ta ce, "Mutari, yi shiru. Sani, matso. 'Yar nan, maimaita abin da kika faɗa mini, da ƙarfi."

Na maimaita, ban rage ko kalma ba. Baba Mutari ya kalli hannunsa inda sawun allurai suka jeru, ya kalli yayarsa. Ya yunƙura zai sauko daga gado, Majo ya yi tsawa saboda ɗinki, bai saurare shi ba. Ya dafa kafaɗar Sani, ya sauko a hankali, ya durƙusa a gabanta kan siminti.

Ya ce, "Yaya, ki yafe mana. Mu duka gidan."

Ta kalli ƙeyarsa. Sannan ta ɗora masa hannu a ka ta ce, "Na yafe. Tashi kada ka ɓalle aikin mutane. Amma idan mun koma Takieta, da bakinka za ka faɗa musu."